Ƙari a Zuciyar Yaro: Sanin Sunan Cuta Kafin Ɗaura Magani

Gabatarwa

A ƙaddara an kawo yara 2 asibiti a birnin Katsina rana guda. Na farko jariri ne ɗan kwana 20 daga wata unguwa ta cikin gari, wanda uwarsa ta lura yana haki duk lokacin da ya kama mama, leɓɓansa kuma suna yin duhu. Ta biyun yarinya ce 'yar shekara 3 da aka ɗauko daga wani ƙauye na wajen Dutsin-Ma, cikinta ya kumbura ta gefe guda, ƙafafunta kuma sun soma hawa. Likita ya ɗora wa kowannensu na'urar hoton zuciya a ƙirji, sai ga wani dunƙule ya bayyana a cikin zuciyar jaririn, ga kuma wani a cikin ta yarinyar. A wurin iyayen yaran biyu labari ɗaya ne, wato ƙari ya fito wa ɗansu a zuciya, kuma tambayarsu ɗaya ce: yaushe za a fara magani?

A wurin masana kuwa, tazarar da ke tsakanin waɗannan yara biyu babba ce ƙwarai da gaske. Shi jaririn, akwai kyakkyawan zaton ƙarinsa ya riƙa shanyewa da kansa yayin da yake girma, saboda haka idan aka ɗaura masa maganin daji mai ƙarfi an cuce shi a banza. Ita kuwa yarinyar, in ba a fara mata wannan magani da wuri ba, aka kuma daure aka kai shi ƙarshe, da wuya ta ga damina mai zuwa.

Maganin da ake magana a kansa shi ne kemoterafi, wato amfani da sinadarai masu kashe ƙwayoyin ciwon daji, waɗanda akasari akan ɗaura su ta jijiya. Gaskiyar da ba a cika faɗa wa iyaye ba ita ce, wannan magani guba ne wanda aka auna. Don haka ba ya halatta ga yaro sai an cika sharuɗɗa 2: a san sunan ƙarin kafin a fara, sannan a tabbatar da hanyar kai wa ƙarshe in an fara. Tun da a shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, lokaci ya yi da za a dubi waɗannan sharuɗɗa da idon basira.

Dalilin Ƙarancin Ƙari a Zuciya

Jikin ɗan Adam tarin ƙwayoyin halitta ne waɗanda ba a iya gani sai da madubin likita. Yawancinsu suna rabuwa gida biyu domin su maye gurbin waɗanda suka mutu. Fata da cikin hanji da ɓargo, alal misali, kullum cikin wannan aiki suke. A duk lokacin da ƙwaya za ta rabu sai ta kwafi saƙon gado da ke cikinta, kuma a wurin kwafin ne kuskure kan auku. Idan kurakurai suka taru a wuraren da ke hana ƙwaya wuce iyaka, sai ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Asalin ƙari ke nan. Wani ƙarin yakan tsaya inda ya tsiro, ya yi ta girma a hankali ba tare da ya yaɗu ba. Wani kuma yakan kutsa cikin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini ya tafi wasu sassa, shi ne ake kira ciwon daji ko sankara.

Ita zuciya lamarinta dabam ne. Jim kaɗan bayan haihuwa, ƙwayoyin tsokarta kan kusa daina rabuwa, sai dai kowace ta ƙara girma. Wani bincike da aka wallafa a 2009 daga Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin ya nuna cewa a jikin matashi ɗan shekara 25, wajen kashi 1 cikin 100 ne kawai na waɗannan ƙwayoyi ke sabuntuwa a shekara, adadin kuma yana raguwa da tsufa. Inda rabuwa ta yi ƙaranci, kuskuren kwafi ma yakan yi ƙaranci, wannan na cikin dalilan da suka sa ƙari bai cika tsirowa a zuciya ba. Sai dai alherin yana tafe da nasa nauyin, domin duk tsokar zuciyar da ta lalace ba ta samun magaji. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, don za a dawo kansa.

Daga cikin ƙarin da ke tsirowa a zuciyar yara, wajen kashi 90 cikin 100 ba masu yaɗuwa ba ne. Amma rashin yaɗuwa bai sa sun zama abin raini ba. Zuciya ɗakuna 4 gare ta, 2 na sama masu karɓar jini kamar zaure, 2 na ƙasa masu tura shi, da ƙyamare tsakaninsu, da kuma hanyoyin lantarki da ke tsara bugu. Dunƙulen da bai wuce girman gyaɗa ba, in ya zauna a bakin ƙofa ko a kan hanyar lantarkin nan, yana iya hallaka jariri.

Ƙarin da Ke Shanyewa da Kansa

Wanda ya fi kowane yawa a jarirai shi ne rabdomayoma, ƙari ne na tsokar zuciya wanda sau da yawa ake ganinsa tun yaro yana ciki, ko a makonnin farko bayan haihuwa. Wani likita Bajamushe, Friedrich von Recklinghausen, ya bayyana shi a jikin wani jariri tun 1862. Yawanci ba ɗaya yake zuwa ba, akan ga 2 ko 3 ko fiye a bangon ɗakunan ƙasa. Abin mamaki game da shi shi ne, yakan girma a cikin mahaifa, bayan haihuwa kuma sai ya juya ya soma raguwa, har wani ya ɓace ɗungum a shekarun farko na rayuwa. Saboda haka in bai toshe hanyar jini ba, bai kuma rikita bugun zuciya ba, abin da ya dace shi ne a sa masa ido, ana maimaita hoton zuciya lokaci-lokaci.

A nan ne haƙurin iyaye da na likita ke fuskantar jarrabawa. Uban da aka ce wa ɗansa yana da ƙari a zuciya, sannan aka ce ya koma gida ya dawo bayan wata 3, zai iya ɗauka an yi watsi da shi ne don ba shi da kuɗi. Daga nan sai ya shiga yawon asibitoci da wuraren masu magani har ya sami wanda zai ba shi abin da yake so ya ji. Hausawa na cewa garin neman gira akan rasa ido. Idan likita ya zauna ya yi wa uba bayani da Hausa, ya nuna masa hoton yau da na watan jiya, ya faɗa masa alamun da in ya gani zai dawo da gaggawa, to ya yi magani ko da bai rubuta ƙwaya ɗaya ba.

Daɗin daɗawa, wannan ƙari ɗan saƙo ne. Mafi yawan jariran da aka same shi a zuciyarsu suna ɗauke da wata larurar gado mai suna tuberos sikilerosis, wadda ke samun kimanin jariri 1 cikin 6,000. Tushenta matsala ce a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado 2, wato TSC2 da aka gano a 1993 da TSC1 da aka gano a 1997. Aikin waɗannan biyu shi ne taka wa girman ƙwaya birki, in suka lalace sai ƙananan ƙari su yi ta tsirowa a ƙwaƙwalwa da ƙoda da fata da zuciya. Alamarta ta farko a fata ita ce fararen tabo masu siffar ganye, waɗanda ke fitowa sarai a baƙar fata, amma akan ɗauke su ƙyasfi ne. Babban haɗarinta kuwa farfaɗiya ce, wadda a jarirai kan zo da siffar zabura, yaro ya riƙa dunƙulewa farat ɗaya sau da yawa a jere. A gidaje da dama akan danganta wannan da iskoki ko shafar aljanu, a yi ta hayaƙi har ƙwaƙwalwar yaro ta taɓu. Ke nan duk jaririn da aka ga rabdomayoma a zuciyarsa, ƙwaƙwalwarsa ta fi zuciyar buƙatar a sa mata ido nan gaba.

Maganin da Ya Fito Daga Ƙasar Wani Tsibiri

To, idan ƙarin ya toshe hanya fa, jariri kuma bai kai a yi masa tiyata ba? A da babu abin yi sai fiɗa ko jiran ikon Allah. A 1964 wata tawagar masana daga Kanada ta ɗebo ƙasa daga tsibirin Rapa Nui da ke can tsakiyar tekun Fasifik. Daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasar nan ne aka tace wani sinadari a farkon shekarun 1970, aka sa masa suna rafamaisin, ana kuma kiransa sirolimus. Daga baya aka gano cewa yana danne wani makunnin girma da ke cikin ƙwaya mai suna mTOR, wanda shi ne ainihin wurin da birkin TSC1 da TSC2 ke kamawa. Wato maganin yana maye gurbin birkin da ya lalace. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ɗan'uwansa, eberolimus, domin wani ƙari na ƙwaƙwalwa da ke samun masu wannan larura, ba da jimawa ba kuma likitoci suka lura cewa ƙarin zuciya ma yana raguwa da shi, a wasu jariran cikin 'yan makonni.

Wannan ci gaba ne na gaske, amma yana da sharaɗi. Maganin yana rage garkuwar jiki, yana kawo gyambon baki, yana kuma buƙatar a riƙa auna yawansa a cikin jini. A wasu yaran ƙarin kan sake ɗagowa in an tsayar da shi. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tarin fuka suke, rage wa jariri garkuwa ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma tilas a daidaita shi da jadawalin rigakafi. Har ila yau, galibin abin da aka sani game da amfaninsa a zuciyar jarirai ya fito ne daga rahotannin yara 'yan kaɗan. Don haka wajibi ne a gaya wa iyaye haka ƙarara, a nemi yardarsu da harshen da suke ji. Arewa ba ta manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da gwajin wani sabon magani a kan yara ya haifar da shari'a har a kotunan Nijeriya da Amurka a kan batun yardar iyaye. Amanar da aka ɓata a rana ɗaya takan ɗauki shekaru kafin ta gyaru.

Akwai kuma wasu nau'o'in ƙari marasa yaɗuwa waɗanda kemoterafi ba ya yi musu komai. Faiburoma, wanda ke bin rabdomayoma a yawa, ba ya shanyewa da kansa, yana kuma rikita bugun zuciya. Teratoma yakan tsiro a cikin jakar da ta lulluɓe zuciya ya tara mata ruwa. Maganin waɗannan wuƙar likita ce. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya a Inugu a 1974, amma har yau cibiyoyin da ke yi wa ƙananan yara ita a kai a kai 'yan ƙalilan ne. Abin da yaro mai irin wannan ƙari yake buƙata daga Katsina shi ne a gane shi da wuri, a kuma tura shi inda ya dace da cikakken bayani.

Inda Kemoterafi Ke Ceton Rai

A koma ga yarinyar nan ta wajen Dutsin-Ma. Dunƙulen da ke zuciyarta baƙo ne, daga ƙoda ya taso. Akwai wani ciwon daji na ƙodar yara da ake kira ƙarin Wilms, da sunan likitan Jamus Max Wilms wanda ya yi rubutu a kansa a 1899. Yakan kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, alamarsa kuma kumburin ciki ne mai tauri ta gefe guda, wanda a karkara akan ce saifa ce, a kai wa wanzami ya yi tsaga. A wasu yaran kaɗan ƙarin yakan shiga jijiyar ƙoda, ya bi babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙasan jiki, ya yi ta miƙewa kamar yaɗon kabewa har kansa ya leƙa zauren dama na zuciya. A irin wannan hali, makonni 4 zuwa 6 na magunguna kamar binkiristin da aktinomaisin, wani lokaci da dokzorubisin, sukan sa ƙarin ya motse ya ja da baya, yadda tiyatar da za a yi za ta yi sauƙi, ta kuma rage haɗari. A ƙasashe masu hali kimanin yara 9 cikin 10 masu ƙarin Wilms suna warkewa.

Na biyu shi ne ciwon Burkitt, wanda nahiyar Afirka ta fi kowa saninsa. Denis Burkitt ya bayyana shi a 1958 bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a Kampala ta ƙasar Yuganda. Yana da alaƙa da yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da kuma wata ƙwayar bairus da aka gano a 1964 mai suna Epstein-Barr. Ya fi fitowa a muƙamuƙi da ciki, amma yakan kai ga zuciya da jakarta. Yana cikin ciwon daji mafi saurin girma a jikin ɗan Adam, domin yakan ninka kansa cikin kwana 1 zuwa 2, wannan gaggawa tasa kuma ita ce lagonsa, saboda magungunan kemoterafi sun fi kama ƙwayar da ke tsakiyar rabuwa. Nijeriya tana da hannu a wannan tarihi: Farfesa Victor Anomah Ngu, wanda ya yi aikin warkar da masu wannan ciwo da magani a Ibadan a shekarun 1960, yana cikin waɗanda aka bai wa lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt kansa.

Na uku su ne miyagun ƙari da ke tsirowa daga tsokar zuciyar kanta, wato dangin sakoma. Waɗannan ba safai ake ganinsu ba, kuma ko a manyan asibitocin duniya sakamakonsu ba ya da daɗin ji. Akan haɗa tiyata da kemoterafi, wani lokaci da gashin haske. Idan aka ga warkewa ta yi nisa, haƙƙin yaro ne a sauƙaƙa masa ciwo, haƙƙin iyaye ne kuma a gaya musu gaskiya kafin su sayar da gona.

Abin lura a nan shi ne, hoton farko kaɗai ba kullum yake raba waɗannan nau'o'i ba. Sai an haɗa da shekarun yaro, da wurin da ƙarin ya zauna, da duban fata, da sikanin ciki, a inda ya kamata kuma a ɗebi ɗan nama a kai wa masanin binciken nama ya duba a ƙarƙashin madubi. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ɗaura magani bisa zato, harbi ya yi a duhu.

Abin da Zuciya Ke Biya

Magungunan kemoterafi ba sa tambayar ƙwaya ko ta daji ce ko ta lafiya. Duk mai saurin rabuwa abin harinsu ce, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, ɓargo kuma ya rage samar da jini. Gashi yakan dawo, baki yakan warke. Amma dokzorubisin, jan maganin nan da aka samo daga wata bakteriyar ƙasa a Italiya, wanda har fitsarin yaro yakan yi ja bayan an ɗaura shi, yana da wata illa ta musamman: yana kashe ƙwayoyin tsokar zuciya. An riga an faɗa cewa waɗannan ƙwayoyi ba su da magaji. Ɓarnar taruwa take yi, kowace ɗaura tana ƙara wa ta baya, haɗarin kuma yana hawa sosai in jimillar abin da yaro ya sha ta kai miligiram 250 a kowane murabba'in mita na faɗin jikinsa. Ciwon zuciyar yana iya ɓoyewa shekara 10 ko 20, sai yarinya ta girma ta yi aure ta ɗauki ciki sannan ya bayyana.

Wannan ya sa wajibi ne a yi hoton zuciya kafin a fara irin wannan magani, a maimaita a tsakiya da bayan an gama. Wajibi ne kuma a rubuta jimillar abin da aka ɗaura a kati, iyaye su riƙe shi kamar takardar gona, domin yaron da ya fara magani a Zariya ya ƙarasa a Katsina, in babu kati, babu wanda zai san nawa zuciyarsa ta riga ta ɗauka. Akwai maganin kariya mai suna dekzarazoksen da ke rage wannan ɓarna, ya kamata a sa shi cikin lissafi.

Sauran haɗarin na kusa ne. A ciwon Burkitt, idan ƙwayoyin daji suka mutu da yawa lokaci guda sukan zubar da sinadarin fotasiyam cikin jini, wanda ke iya tsayar da zuciya, saboda haka ake fara ba yaro ruwa mai yawa, ana kuma auna jininsa. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ɗaura magani, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan yi ƙasa matuƙa. A wannan tsakani, zafin jikin da ya kai digiri 38 larura ce ta gaggawa wadda ke buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take. A Katsina kuwa, duk zazzaɓi na cizon sauro ne har sai an ga akasi, matakin farko kuma kemis ɗin bakin layi ne. Daren da aka ɓata ana jiran maganin kemis ya yi aiki yana iya zama na ƙarshe. Yaron da tamowa ta riga ta ci jikinsa kuma ya fi kowa kasa ɗaukar wannan nauyi, don haka abinci yana cikin magani.

An Kashe Maciji Ba a Sare Kansa Ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a kai kashi 30 ba. Magungunan da ake amfani da su a wurare biyun kusan iri ɗaya ne, yawancinsu ma tsofaffi ne da aka sani tun shekarun 1960. Bambancin yana wajen makara a zuwa asibiti, da kuskuren gane cuta, da yankewar magani, da kuma barin magani a tsakiya.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan ɗaura ta farko ko ta biyu, kumburi yakan sace, yaro ya tashi ya nemi abinci. Uban da ya bar gonarsa a Batsari ko Jibiya cikin damina, ya bi hanyar da ba kullum take da aminci ba, ya kwana a barandar asibiti, ya sayar da akuya da tunkiya, sai ya ga ɗansa ya miƙe. Wa zai zarge shi in ya ɗauka an gama? Amma ƙwayoyin da suka saura su ne masu taurin kai, in suka dawo kuma sau da yawa maganin farko ba ya sake kama su. A ƙarshe yaron ya sha gubar bai sami warakar ba, dangi kuma suka ɗauki darasin cewa maganin asibiti ba ya jin wannan ciwo, darasin da zai hana a kawo yaro na gaba.

Ɗora laifin a kan jahilcin iyaye abu ne mai sauƙi, amma bai yi adalci ba. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma ya fara ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, dukkansu na manya. Asibitin da ya ɗaura wa yaro kashi na farko ba tare da ya san inda na shida zai fito ba, shi ma yana da nasa kason na alhaki.

Ga Masu Cewa Wannan Ɓata Kuɗi Ne

Wani zai ce, a jihar da zazzaɓi da gudawa da tamowa ke ɗauke yara kullum, mene ne na ɓata baki a kan ciwon da likita zai iya gama aikinsa bai gan shi sau 5 ba? Maganar tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a rage kuɗin rigakafi ko na gidan sauro don a sayi eberolimus. Amma a duba abin da ake nema. Na'urar hoton zuciya da ƙwararren da ya iya karanta ta su ne dai za su gano yaran da aka haifa da huji a zuciya, da waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a kula da shi ba ya lalata wa ƙyamaren zuciya, da masu ruwa a jakar zuciya sanadin tarin fuka, da mata masu ciwon zuciyar jego, wanda likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazarinsa a Zariya tun shekarun 1970. Ɗakin binciken nama da zai bambance Wilms da Burkitt shi ne zai duba naman uwa mai ƙari a mama. Ma'ajiyar jini da firjin da wuta ba ta yanke masa, masu haihuwa da masu sikila ma suna jiran su. Ciwon da ba a cika gani ba ma'auni ne kawai: asibitin da ya iya gane shi ya kuma riƙe shi har ƙarshe, ya iya ɗaruruwan da suka fi shi yawa.

Kammalawa

Gini da manyan na'urori abin godiya ne, sai dai ceton yaro mai ƙari a zuciya ya fi dogara ga wasu abubuwa da ba a yanke musu kyalle ranar buki. Ya kamata a horar da ma'aikatan asibitocin ƙananan hukumomi 34 na jihar su san cewa kumburin ciki mai tauri, da kumburin muƙamuƙi mai saurin girma, da fararen tabo tare da zabura a jariri, abubuwa ne na turawa gaba ba tare da jinkiri ba. Ya kamata ya zama ƙa'ida cewa ba a ɗaura wa yaro kemoterafi sai an rubuta sunan cutarsa da hujjar da aka dogara a kai, an kuma ɗauki hoton zuciyarsa. Ya kamata a ware wa kowane yaro magungunansa na zango gaba ɗaya tun ranar farko, daga tushen da hukumar NAFDAC ta tantance, hukumar inshorar lafiya ta jiha kuma ta sa ciwon dajin yara cikin abin da take ɗauka. Attajirai da masu kula da zakka da waƙafi suna da wurin shiga mai sauƙi: masaukin iyaye kusa da asibiti, da abinci, da kuɗin mota, da ma'aikaci guda wanda aikinsa shi ne ya buga waya duk ranar da yaro bai zo ba. Jami'o'in jihar, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, suna iya taimakawa wajen tattara rajistar yaran da suka kamu da abin da ya same su daga baya, domin da ita ce za a san ko ana ci gaba.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa kafin 2030 aƙalla yara 60 cikin 100 masu ciwon daji su riƙa rayuwa a ko'ina cikin duniya. Ko Katsina za ta kusanci wannan adadi, za a gane ne daga yadda aka yi da yara irin waɗancan biyu: jaririn a mayar da shi gida da bayani da ranar dawowa, yarinyar kuma a riƙe ta har ɗaura ta ƙarshe. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma ba masu jinya haƙuri.